Gatari a Hannun Aldit

Tun zamanin da ƙasar Ingila take gutsi-gutsi, kowane sarki yana riƙe da ɗan yankinsa yana hararar na maƙwabcinsa, akwai wata fadama a gabashin ƙasar wadda mai ƙafa ba ya ratsa ta, babban jirgi kuma ba ya shigarta. Ita ba tudu ba, ita ba kogi ba. Ruwan teku yakan kwararo ya cika ta maƙil, ya jima ya janye ya bar ɗan ruwa kwance a kan baƙin taɓo, safe da yamma haka take yi. Masu ba da labarin sun ce taɓon nan ya sha haɗiye doki da mahayinsa, ko gyatsa ba ya yi. Rana kuwa a wannan ƙasa baƙuwa ce, in ta leƙo yau sai a jima ana cigiyarta.

A tsakiyar fadamar akwai wani tudu mai idon ruwa mai daɗi, kewaye da shi 'yan bukkokin masunta da maharba. Ba su da sarki, ba su da ganuwa, abin da suka dogara da shi hanya ce. Kakanninsu sun kafa turaku a cikin taɓo, suka saƙa rassan itace kamar zana suka shimfiɗa a kai, suka bar ta nutse. In teku ta janye, ruwan da ke bisa hanyar iyakarsa idon sawu, amma wanda ya tsaya a gaɓa ba abin da zai gani sai ruwa da ciyawa. Hanyar tana da kwana-kwana, ba ta da alama, da tafin ƙafa ake koyonta tun ana yara. Dab da tudun kuma akwai wani zurfi inda ruwa ke gudu da ƙarfi, suna ce masa Maƙogwaro. Turaku ba sa kai ƙasansa, saboda haka a nan hanyar gungumen itace ce da aka ɗaure da juna, igiya guda mai kaurin cinya tana riƙe da su a jikin wani kututture a kan tudun. Kowa ya san dalilin da ya sa aka bar igiyar guda ɗaya, kowa kuma yana addu'ar kada a ga ranar.

A cikin mutanen nan akwai maharbi mai suna Wulmar. An ce a cikin kwalekwale aka haife shi ranar wata ambaliya. An ce agwagin daji ba sa tashi in ya doso, sai ya yi musu gyaran murya, domin ba ya harbin tsuntsu a zaune. Dogo ne, marar yawan magana, mai taurin kai irin na wanda bai saba yin kuskure ba. In ya dawo da barewa a kafaɗa, mata kan yi masa kirari:

Zalɓe mai tsayuwa inda doki ya nutse,
Karen ruwa, sanyi abincinka,
Mijin Aldit, taɓo ya san tafin ƙafarka.

Aldit ɗin nan matarsa ce, 'yar Kenwal, dattijon da ake kai wa magana a tudun. Ita kaɗai ke iya gaya wa Wulmar ya yi wauta ya yi murmushi.

A shekarun nan ne mutanen arewa suka fara sauka da dogayen jiragensu. Shugaban waɗanda suka addabi gabas sunansa Ketil, ana masa laƙabi da Gobara-daga-teku. Ya ƙone garuruwan bakin ruwa da majami'unsu, waɗanda suka tsira suka gudo bakin fadama, Wulmar ya riƙa shigo da su kaɗan-kaɗan har tudun ya cika da mata da yara da tsofaffi. A cikinsu akwai wani tsohon limamin majami'a da ya kafa 'yar bukkar addu'a kusa da idon ruwa. Labari ya kai kunnen Ketil cewa kwanonin azurfa na majami'u duk suna cikin fadama. Ko gaskiya ne ko ƙarya, shi dai ya yarda.

To, mutanen tudun suna da wata al'ada. Wanda aka tsamo daga taɓo ba a tambayarsa suna, ba a tambayarsa asali, sai ya ci ya ji ɗumi. Sun ce a da can an taɓa tsayar da wani ana yi masa tambayoyi yana karkarwa, ya mutu da amsa a bakinsa, tun ranar aka hana. Wanda kuma ya ci abinci a ƙarƙashin rufinka jininsa ya zama jinin gidanka, ba ka taɓa shi, ba ka bari a taɓa shi, in zai tafi kuma sai ka raka shi har ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa. Al'ada ce mai kyau, ni ma na yaba mata. Sai dai waɗanda suka kafa ta ba su taɓa ganin jirgin mutanen arewa ba.

Wata safiya Wulmar ya fita harbin agwagi, ya ji nishi a cikin ciyawa. Ya tarar da mutum taɓo ya kai masa ƙirji, fuskarsa da gashinsa da tufafinsa duk baƙi ƙirin, bakinsa ya ƙi motsi don sanyi. Wulmar ya kwanta rub da ciki, ya miƙa masa gorar mashinsa, ya yi ta ja har taɓo ya haƙura. Ya goya shi ya bi hanyar ƙarƙashin ruwa da shi har gida. Aldit ta ɗora romon kifi, ta kawo gurasar sha'ir, aka wanke mutumin aka sa masa tufafin Wulmar. Maƙwabta suka taru a bakin ƙofa suna kallo, ba wanda ya ce masa wane ne kai. Ya ci ya sha, ya tsotse hannu.

Sannan ya buɗe baki ya yi godiya.

Harshen mutanen arewa da na mutanen Ingila na wancan zamani 'yan'uwan juna ne, ana fahimta, amma ba a ɓatan kai a kansu. Wata mata cikin 'yan gudun hijira ta saki tulun da ke hannunta. A gidan da aka ƙone mata ta ji irin wannan lafazin. Kafin ka ce kwabo maza sun cika tsakar gida da masu, Wulmar kuma ya tsaya a bakin bukkarsa ya tare ƙofa da jikinsa.

Kenwal ya iso yana dogara sanda. Ya dubi surukinsa ya ce, "Wulmar, ka san abin da ka goyo mana?"

"Mutum na goyo, Baba. Taɓo ya kai masa ƙirji."

"Da ka bar taɓon ya ƙarasa aikinsa."

"Ba haka ka koya mini ba."

Wani daga cikin waɗanda suka gudo ya ce, "Mu ba mu san al'adarku ba, mun dai san abin da muka baro. A kawo shi nan, in ku ba za ku iya ba mu za mu iya."

Wulmar ya ce, "Ya ci a gidana. Wanda ke son jininsa ya fara da nawa."

Baƙon ya leƙo ta bayan Wulmar ya ce, "Sunana Toki. Ketil ne ya aiko ni neman hanya. Ban same ta ba, kwalekwalena ya kife, taɓo ya same ni. A bayan mutumin nan ban ga komai ba, sanyi ya rufe mini ido. Amma na san ba ku da dalilin yarda da ni. In za ku fitar da ni, ku ɗaure mini fuska."

Kenwal ya ce, "Ina mutanenka?"

"Can bakin teku na bar su, da nisa."

Dattijon ya san in aka kashe baƙo, al'adar da ta riƙe tudun ta mutu ranar, gobe kowa sai ya kashe wanda ya ga dama. Ya san kuma in aka sake shi aka yi kuskure, ba mai saura da zai ba da labari. Ya aika aka ɗauko gatarin da ke rataye a bukkarsa, wanda ba a sare itacen girki da shi.

Ya ce, "Ka raka shi, Wulmar, tunda ka nace. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gidan da ya ciyar da baƙo shi ke tsaron igiya har mai rakiya ya dawo, haka muka gada." Ya juya wajen 'yarsa ya miƙa mata gatarin. "Karɓi, Aldit. In ya dawo shi kaɗai, ki ajiye. In kin ga wani kai a bayansa, ki sara. Kada ki tsaya dubawa ko wane ne a gaba."

A gaban Toki aka yi duk wannan. Sun shirya ɗaure masa ido, ba wanda ya tuna da kunnensa.

Aldit ta bi mijinta har bakin Maƙogwaro. Ta ce, "Maigida, ka kai shi ƙarshen ciyawa ka nuna masa gaɓa ka juyo. Ba sai ka taka tudu ba."

"Rakiya sai ƙafar baƙo ta taka busasshiyar ƙasa."

"Wa zai gani?"

"Ni zan gani."

Ta ce, "Taurin kan nan naka, ni zai kashe."

Ya yi murmushi, ya ɗora hannun Toki a kafaɗarsa, suka shiga ruwa.

Tafiya ce mai tsawo, idon mutum ɗaya yana yi wa mutum biyu jagora. Yayyafi yana sauka, ciyawa ta fi tsawon mutum, ba ka jin komai sai ƙarar ƙafa a cikin ruwa. Da suka doshi gaɓa Wulmar ya tsaya ya saurara. Bai ji tsuntsu ko ɗaya ba a itatuwan bakin ruwa, kuma maharbi ya san ma'anar wannan. Zuciyarsa ta ce masa ya juya. Amma ƙafar baƙon tana cikin ruwa, gaɓa kuma ga ta nan kamar a miƙa hannu a taɓa. Ya ja shi suka hau, ya kwance masa ƙyallen.

Mutane suka tashi daga bayan itatuwa, da sulke da garkuwa da gatura. Toki bai yi ƙarya ba, a bakin teku ya bar su, amma da suka ga ya daɗe suka biyo sawu. Wani saurayi mai jan gashi ya fito da gudu ya rungume Toki yana dariya. Asgot ke nan, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka danne Wulmar aka zura masa igiya a wuya.

Ketil ya zo bai yi sauri ba. Ya ce, "Toki, ta ina kuka fito?"

"Idona a ɗaure yake, shugaba."

Ketil bai yi fushi ba. Ya tsuguna ya shafa ƙafar wandon Wulmar, ya shafa ta Toki, ya miƙe yana duban tafin hannunsa. Ya ce, "Ruwan nan ya ci mini dawakai. Ga mutum biyu sun fito daga cikinsa, ko gwiwarsu ba ta jiƙe ba." Ya dubi Wulmar. "Na ga inda ka fito. Ko ka kai mu yau da ranka, ko mu lallaɓa da tsinin mashi mu isa wata rana ba kai. Ni duk ɗaya ne."

Wulmar ya san gaskiya Ketil ya faɗa. Bakin hanya ya bayyana, mutuwarsa a nan ba za ta rufe shi ba. In suka lallaɓa a hankali za su aika 'yan kaɗan gaba, su ga Maƙogwaro su ga igiya, su koma su ɗaure nasu gungumen, su ƙetare ranar da suka ga dama. Abu ɗaya ne zai ceci tudun: su zo gaba ɗaya, su zo da gaggawa, su hau itatuwan nan kafin su yi tunani. Ya san kuma wanda ke jagora ina yake tsayawa.

Ya ce, "Teku ta kusa cikowa. In za ku tafi, yanzu ne. Ku jeru, kowa ya taka inda na gabansa ya ɗaga."

Toki ya ja ƙanensa gefe ya ce, "Asgot, ka zauna ka tsare kaya. Ba kowa ne zai shiga ba."

Asgot ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ka ci gurasarsu, ni kuma ka ce in zauna in ci iska? Tare muka zo."

"Na roƙe ka."

Ketil ya waiwayo ya ce, "Ba mai zama." Maganar ta ƙare a nan.

Suka shiga. Wulmar a gaba, Ketil a bayansa ya naɗe igiyar wuyan a hannunsa, sai Toki, sai Asgot, sai sauran a jere kamar tururuwa. Ruwan da ke idon sawu da safe ya fara lasar ƙwauri. Wani a can baya ya kauce taki guda, taɓo ya kama shi, aka bar shi yana kira, ba wanda ya juya. Ketil yana ta cewa a yi sauri, Wulmar kuma yana ba shi abin da yake so.

A kan tudu Aldit tana tsaye a gindin kututture. Ta hango ciyawa tana motsi, ta hango kan mijinta, zuciyarta ta yi fari. Sai ta ga wani kai a bayansa, da wani, da wani. Mata suka kwashi yara suka shige bukkoki. Kenwal ya zo ya tsaya kusa da ita ya ce, "Sara, 'yata."

Ba ta sara ba. Ta mai da gatarin bayanta ta ɓoye shi a cikin zanenta. Marubutan majami'a na baya sun ce dabara ce, wai tana jira abokan gaba su hau itatuwan tukuna. Su malamai ne, suna son komai ya zama hikima. Ni a ganina mace ce ta ga mijinta da igiya a wuya, tana fatan ya kusato ya yi tsalle ya faɗo tudu, hannunta ya ƙi ɗaguwa. Ban ga laifinta ba.

Da suka iso bakin Maƙogwaro Ketil ya ja igiya, jerin ya tsaya. Ya dubi ruwan da ke gudu, ya taka gungume na farko ya ji yana lilo. Ya dubi tudun, ba kowa sai mace ɗaya da tsoho. Wanda ya daɗe yana yaƙi ba ya son abin da ya zo da sauƙi. Ya juya ya ce, "Toki, ka zauna a cikinsu, ka ci abincinsu. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Toki yana jin numfashin ƙanensa a ƙeyarsa. Kalma ɗaya ta ishe shi. In ya faɗa, Asgot ya tsira, Wulmar ya mutu nan take, yaran da suka leƙo suna kallonsa yana shan romo kuma ya san abin da Ketil ke yi da irinsu, domin ya sha gani. In ya yi shiru, shi da ƙanensa za su hau itatuwan. Wulmar bai waiwayo ba, bai roƙa ba, ruwa kawai yake kallo.

Toki ya ce, "Na gaya maka, shugaba, idona a ɗaure yake."

Ketil ya ƙura masa ido, sannan ya tura Wulmar gaba.

Suka hau. Itatuwan suna nutsewa kaɗan-kaɗan da nauyin sulke, igiyar kututture ta miƙe tana kuka. Wulmar ya rage sauri, yana taɓa kowane gungume da ƙafa kamar mai shakka, yana saurare har ya ji ƙarar ƙafafun baya ta sauya, ya gane yawancinsu sun baro turaku. Tsakaninsa da tudu bai fi tsawon mashi kaɗan ba. Yana ganin idon matarsa. Ita ma ta ga igiyar wuyansa gajera ce, ta ga ƙarshenta a naɗe a hannun Ketil, amma har yanzu tana jira.

Sai Wulmar ya juya ya durƙusa, ya rungume ƙafafun Ketil da hannu biyu ya ƙanƙame. Hanyar ta mutum ɗaya ce, jerin duka ya tsaya cik. Ketil ya shiga dukansa da ƙotar gatari a baya, a kai, a kafaɗa, bai saki ba. Ya ɗaga murya yadda za ta ji, ba ihu ba, irin muryar da yake kiranta da ita daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Aldit, ba zan iso ba. Kada ki jira ni."

Ta fito da gatarin. Sara na farko ya zame, domin igiyar ta sha ruwa ta yi tauri. Mutanen arewa suka gane, na baya suka juya za su koma, na gaba suka fara tattake juna za su haye kan Wulmar. Wani ya jefo mashi ya kafe a kututturen dab da hannunta. Ta sake sara, ta sake, tana kuka tana sara, igiya tana warwarewa sili-sili. Wani ƙato ya tsallake Ketil, ƙafarsa ɗaya tana iska za ta sauka tudu, sai igiyar ta tsinke.

Ruwan teku da ke shigowa ya fizgi itatuwan ya juya su. Wanda ke sanye da ƙarfe ba ya iyo. Waɗanda suka rage a kan turaku suka juya da gudu ba jagora, ruwa ya kai musu ƙugu, hanya ta ɓace, taɓo ya karɓi rabonsa. An ce a lokacin duk zalɓen fadama suka tashi gaba ɗaya har sama ta yi duhu. An ce kuma idon ruwan tudun ya yi gishiri-gishiri har shekara ta zagayo. Aldit tana tsaye da gatari tana duban inda mijinta ya durƙusa, ba komai a wurin sai ruwa yana wucewa.

Da yamma ruwa ya turo gungume ɗaya gaɓar tudun, da mutum manne a jikinsa. Toki ne, domin a cikin mutanen arewa shi kaɗai ba ya sanye da sulke, tufafin Wulmar ne a jikinsa. Maza suka kewaye shi da masu. Aldit ta ratso su ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Ka ji abin da babana ya ce da safe?"

"Na ji."

"Ka gaya musu?"

"Ban gaya musu ba."

"Kana da wani a cikinsu?"

Ya ce, "Ƙanena yana bayana."

Ta juya ta ce wa mazan, "Ku ƙyale shi. Ruwa ya ci abin da zai ci yau." Ta miƙa wa mahaifinta gatarin, ta shiga bukkarta.

Toki bai koma arewa ba. Ashe shi masassaƙin jirgi ne, don iya kwalekwale Ketil ya aike shi. Ya shiga neman gawa biyu a Maƙogwaro, ta ƙanensa da ta Wulmar, yana haɗa dogayen itatuwa baki da baki yana kafa su cikin zurfin da kakanni suka ce ba shi da ƙasa, yana lalube. Shekaru suka shige, bai sami ko ɗaya ba, amma turakun da ya kafa suka yi yawa har aka ɗora katako a kai, aka sami gada. Da 'yar bukkar addu'a ta yi wa mutane kaɗan, limamin ya roƙe shi ya gina babba. Toki bai iya rufin ɗaki ba, abin da ya iya shi ya yi, ya sassaƙa cikin jirgi ya kife shi a kan bango. Aldit ba ta sake aure ba, ba ta kuma taɓa taka gadar ba har ta rasu. Ita da Toki suna gaisawa in sun haɗu a idon ruwa, iyakarta ke nan.

Mutane suka yi ta zuwa, domin an ji labarin tudun da Gobara-daga-teku ya mutu a bakinsa. Aka sa wa wurin suna Wulmarsi, wato tsibirin Wulmar a harshensu. Daga baya aka yi magudanai aka janye ruwan fadama ta zama gonaki, aka kewaye garin da ganuwa, aka kawo magina daga ƙetaren teku suka tashi babbar majami'a ta dutse mai hasumiya da ake hangowa daga nesa. Maginan sun so su yi rufi irin na ƙasarsu, mutanen gari suka ce ba su san zancen ba. Har yanzu in ka shiga ka ɗaga kai za ka ga haƙarƙarin jirgi a kife. Babban titin garin kuma karkatacce ne, baƙi suna zagin wanda ya zana shi, ba su san tsohuwar hanyar ƙarƙashin ruwa ya bi ba. A cikin majami'ar akwai kaburburan manya da sunayensu a rubuce, amma babu na Wulmar, domin ba a sami abin binnewa ba.

Gadar yanzu ta dutse ce, Maƙogwaro kuma ya zama ɗan kogi mai ladabi da agwagi ke iyo a ciki. A kanta ake yin abin da mutanen Wulmarsi suka fi ji da shi. Duk lokacin da aka naɗa sabon bishop, wato babban limamin majami'ar, ba ya shiga gari a kan doki ko a mota. Yakan zo da tawagarsa har bakin gada, ya cire takalmi, ya bar kowa a baya ya tako a ƙafa. A ɗaya ƙarshen ana tsayar da mace guda daga cikin matan gari da gatari a hannu, garin duka ya yi tsit. In ya kai tsakiya sai ta ce, "Wa ke bayanka?" Shi kuma, komai girmansa, dole ya waiwaya ya duba, sannan ya ce, "Ni kaɗai ne."

Sai matar ta sunkuya ta ajiye gatarin a ƙasa, ta faɗi abin da Aldit ta yini tana jiran faɗa.

"Sannu da dawowa."